Shekarar da Rijiyar Baba Ta Yi Ja

Ranar sunan 'yar ɗana Bashir, a gidanmu na Hindawiyya a nan Makka, ina zaune a gefe da ɗan kofin shayina na ji wani jikana yana ba abokansa dariya da Larabci. Wai ai su jikokin mahaukacin nan ne da ya haƙa rijiya da hannunsa, ya binne ta da hannunsa, ya koma ɗaukar ruwa a kafaɗa yana tsoho tukuf. Aka kwashe da dariya, har da wasu iyayen da ya kamata su kwaɓe shi. Sun ɗauka kunnena ya mutu ko Larabcina ya tsufa. Na ƙyale shi saboda baƙi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zaunar da 'yata Aminatu, ina faɗa tana rubutawa, kuma da Hausa. Wanda Hausarsa ta gudu ya nemi mai karanta masa. Mahaifina ba mahaukaci ba ne. Sannan ga wani abu da ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku: me ya sa nake kiran sunan Aminatu gatsau, alhali mace irina ba ta kiran sunan ɗan fari? Saboda ba ita ce ta fari ba. Kuna da wa, namiji, kuma labarinsa da na rijiyar abu ɗaya ne.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ne, daga wani ƙauye da ke zaune a kan farin dutse, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Dutsen nan cikinsa duk kogo ne da rami. Da damina rafi zai taho a guje, yana cikin tafiya sai ya faɗa wani rami ya ɓace ɓat, ka tsaya a gabansa ƙafarka a bushe. Can gaba, bayan tudu ɗaya ko biyu, sai ka tarar da marmaro yana ɓulɓulowa daga gindin dutse. To wane rafi ne ke fita a wane marmaro? A kan wannan ƙauyuka sun sha rigima, domin idan na sama suka tare rafi don fadamarsu, ko suka jiƙa fatu a ciki, na ƙasa ne ke ji a tulunsu. Idan rigima ta yi zafi gidanmu ake zuwa. Kakana ya yi aikin, Baba ya gada. Za a tara ƙaiƙayin gero da yawa, a zaunar da dattijo a bakin kowane marmaro, sannan Baba ya yi bisimilla ya juye ƙaiƙayin a inda rafin ke nutsewa. Duk marmaron da ƙaiƙayi ya taso yana yawo a kansa, magana ta ƙare, ba mai ƙara cewa tak. Na gani da idona ina yarinya, na ga manyan mutane masu rawani suna tsugune suna jiran dusar gero ta yanke musu hukunci. A can gida ƙaiƙayin Baba bai taɓa yin ƙarya ba.

Ba zan ɓata muku takarda da labarin hanya ba. Mun taso mu uku, Inna ta rasu a ƙasar Sudan, ni da Baba muka iso, muka sauke farali, guzurin komawa bai samu ba, muka zauna. Nan na girma, nan aka ɗaura mini aure da mahaifinku, mai ɗaukar ruwa. Ku da kuka tashi kuna murɗa famfo ba ku san wannan aiki ba. Garwa biyu ake ratayawa a sanda, ana ce mata zaffa, a je bazan, wato wurin da ruwan gari ke fitowa, a bi layi, a cika, a hau da shi gidajen mutane bene bisa bene. Yawancin masu ɗauka mutanenmu ne, kuma yawancinsu ba su da igama, wato takardar izinin zama. Bazan kuwa fili ne, idan shurɗa, 'yan sandan nan ƙasar, suka ga dama sai su zo su tsaya su ce kowa ya nuna takarda. A cikin shekarun sittin, lokacin da ake ta rushe gidaje ana faɗaɗa Harami, haya ta fi ƙarfinmu, muka kwashe komatsanmu muka yi kudu, wajen Kudai. Kada ku tuna Kudai ta yanzu mai motoci da shaguna. Kwari ne tsakanin baƙaƙen duwatsu, da 'yan ɗakunan da muka harhaɗa da gwangwani da katako, waɗanda ake kira sandaka, da awaki, da zafi.

Baba mutum ne da ba ya iya tafiya bai dubi ƙasa ba. Yana ta zagaya kwarin nan yana duban inda ciyawa ta ƙi bushewa, ran nan ya dawo ya ce a ara masa diga. Aka yi ta yi masa dariya, shi kuwa ya yi ta haƙa. Da ya yi nisa sai ya ci karo da wasu duwatsu sassaƙaƙƙu a jere, aikin mutanen da, kamar bakin tsohuwar magudana da yashi ya cike. Daga cikin yashin nan ruwa ke tsattsafowa, mai sanyi, garai-garai, ba gishiri. Baba ya yi sujada a cikin ramin. Kafin a ce me, duk mai zaffar da ba shi da takarda ya daina zuwa bazan ya dawo rijiyar Baba. Ba layi, ba shurɗa, ba tsoro. Sunan Baba ya ɓace, ya koma Mai Rijiya, har Larabawan da ke kiwo a wajen suna ɗaga masa hannu. Ni ma kaina ya yi girma, ba na ɓoyewa. Ina saƙar mafici da kaba ina rina shi da galura ina sayar wa alhazai, amma idan na bi ta cikin unguwa tafiyar 'yar mai rijiya nake yi. A shekarar na haifi yayanku, aka sa masa sunan Baba.

A bayan baƙin dutsen da rijiyar ke gindinsa akwai wani kwari dabam. Nan manyan motocin alhazai ke yada zango, nan ake haƙa ramukan ba-haya, nan ake zubar da kayan cikin dabbobi da fatun da suka lalace bayan layya. Wari ba ya zuwa mana saboda dutsen ya tare. Ruwan sama a Makka ba kullum ba ne, amma idan ya zo, zuwa yake yi da fushi. Ambaliyar da muke kira sel takan share kwarin nan kaf, ta tattaro komai zuwa wani lungu a gindin dutsen, ta yi ta juyawa a nan tana nutsewa har ta ƙare. Mu a namu ɓangaren murna muke yi, domin bayan kowane sel rijiya takan cika. Abin da ba mu haɗa ba shi ne, bayan kowane sel kuma yara kan kwanta da gudawa da amai, wasu su tashi, wasu a ɗauke su.

Wadda ta haɗa ita ce Hala Sa'adiyya. Bahausa ce haifaffiyar Makka, kakanninta Kanawa, ita ke karɓar haihuwa a unguwarmu, ita ke wa mata da yara wankan gawa. Mace ce mai kaushin baki, Hausarta rabi Larabci. Ran nan da hantsi ta zo har bakin rijiya, gaban masu zaffa, ta tsaya wa Baba a ka.

"Ya ammi, moyan rijiyar nan taka ce ke kashe yara. Ƙazantar bayan dutse ce ke zuwa cikinta."

Baba ya ajiye guga. "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Tsakanin kwarin can da rijiyag ga baƙin dutse na, wanda ko diga ba ta kama shi. Ta ina ruwa za shi bi?"

"Ni ban san dutse ba," in ji ta. "Ni yara na sani. Duk sanda sel ya sauka, sai a aiko mini in zo da sabulu da farin ƙyalle. Na gaji, wallahi na gaji."

Masu zaffa suka taso mata da hayaniya, Baba ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Ku ƙyale ta. Mu can gida ba mu gardama bisa ruwa. Ruwan aka tambaya, shi ba da amsa da kainai. In ta tabbata rijiyata ta, ni da hannuna za ni rufe ta."

Ya bi matan da ke daka gero suna fura a unguwar Jarwal gida-gida yana roƙon ƙaiƙayi, suna mamakin tsohon da ke tara abin da ko akuya sai ta rasa take ci. Ya tara ya ajiye yana jiran ruwa. Da sel ya sauka, ya sa aka ɗauki buhunan zuwa bayan dutse, unguwa guda ta bi shi. Ya yi bisimilla kamar yadda yake yi a gida, ya juye a lungun da ruwan ke nutsewa, muka ga ƙaiƙayi yana juyawa yana shigewa ƙasa. Sannan ya zaunar da dattawa a bakin rijiya, da Hala a cikinsu, duk gugan da aka jawo sai an tace shi da farin ƙyalle. Aka yi kwanaki ana tacewa har ruwan bayan dutse ya ƙafe. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Ranar da Baba ya ce a naɗe ƙyallen, masu zaffa suka yi ta buga garwa kamar ganga. Ni kuwa na bi Hala da kallo tana tafiya ita kaɗai, na ji daɗi har cikin raina.

Bayan wannan da 'yan watanni na yaye yayanku. Yaro ne mai ƙiba, mai son ruwa, da ya ga kwano sai ya miƙo hannu biyu. Baba ke ɗaukarsa zuwa bakin rijiya, yana ce masa mai sunana, yana ba shi ruwan gugan farko da tafin hannunsa. Aka ƙara yin wani ruwan sama, ɗan kaɗan ma. Yaron ya kwanta. Abin da ya shiga cikinsa duk sai ya fito, idonsa ya faɗa, fatarsa ta saki. Da ya nemi ruwa sai mu ba shi, na rijiyar, domin ai an tambaye ta ta amsa. Bai daɗe ba. Ku sani, a al'adarmu uwa ba ta nuna ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa kuka a gaban mutane. Haka na zauna a kan tabarma mata suna shigowa gaisuwa ina cewa sai haƙuri, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Hala ce ta yi masa wanka. Da ta fito ta dube ni, ta buɗe baki, ta rufe. Na tsane ta a ranar fiye da kowa a duniya, domin na san abin da ta haɗiye.

Ina da cikin Aminatu a lokacin. Ta zo lafiya, a hannun Hala, don ba mu da wata. Muka yi ta zaman doya da manja har lokacin yaye ya matso. Ran nan ina zaune ina rina kaba, ja a wannan kwano, kore a wancan, Aminatu na goye a bayana, sai ga Hala ta shigo ba sallamar kirki.

"Ya binti, na ji za ki cire yarinyar nan daga nono. Kada ki ba ta moyan rijiya. Ki sa mijinki ya kawo daga bazan."

Jinina ya hau. "Hala, ba a gwada gabanki ba? Ba ke kika riƙe ƙyallen ba? Mi kika so da tsohon ga, sai kin ga bayanai?"

"An gwada da dusa," in ji ta. "Ni dai ban ga yaran da ke shan dusa ba. Ruwa suke sha."

Na dubi kwanon jar galurar da ke gabana, na dubi hannuna da ya rine har wuyan hannu. Galura ba ta yawo a kan ruwa kamar ƙaiƙayi, narkewa take yi ta zama ruwan. Wallahi ba don ina shakkar Baba na yi tunanin ba. So nake in toshe bakin matar nan har abada.

"To, in sel ya sauka, duk galurar da ni aje ta aikin bana za ni juye ta can, gabanki. In ba ta hito ba, kada ki ƙara taka gidan ga da maganar rijiya."

"Ɗayyib," in ji ta. "Allah ya sa ni ce zan ji kunya."

Na faɗa wa Baba, ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce in zuba, ruwan da ya amsa sau ɗaya ba zai sake magana ba. Mahaifinku ne ya yi gunaguni, shi asarar galurar ta dame shi. Aka jima sama ba ta ce komai ba, har na fara ba Aminatu ɗan abinci tana tsotson nono jefi-jefi. Sannan wata safiya hadari ya haɗu ta wajen gabas, ruwa ya zuba, sel ya sauka. Da ya lafa muka zagaya bayan dutse ni da Hala, ƙafarmu na nutsewa a laka. Abin da na gani yana juyawa a lungun nan ba zan sa Aminatu ta rubuta shi ba. Na toshe hanci da mayafi, na kwance ƙullin galura na juye duka. Ruwan ya yi ja wur, ya juya, ya shige. Washegari aka ja ruwa a rijiya, garai-garai. Wanshekare ma haka. Na aika wa Hala cewa in tana da sauran magana ta zo ta faɗa, ba ta zo ba. Na yanke cewa gobe yaye.

Da safe na je da kaina na ja guga. A cikin guga ba ka ganin komai, baƙar fata ce. A cikin garwa ma haka. Na dawo gida na ɗauko wani farin kwanon sha da nake ji da shi, na zuba, na zaunar da Aminatu a cinyata. Ta miƙo hannu biyu, irin miƙowar yayanta. Kwanon yana dab da bakinta rana ta faɗo cikinsa, na ga ruwan ja-ja, kamar wanda aka wanke nama a ciki. Na tsaya. Na ce ko hannuna ne, na duba hannuna, ya daɗe da washewa. Na ce ko kwanon ne, na watsar, na goge shi da gefen zane, na sake zubawa daga garwa. Ja-ja. Ban san lokacin da na yi jifa da kwanon ba. Aminatu ta tsala kuka tana neman ruwanta. Abu ɗaya ke yawo a kaina: ashe abin da na gani yana juyawa a bayan dutse, shi na yi ta ɗura wa ɗana yana mutuwa yana neman ƙari.

Na tsinci kwanon na fita ba mayafi, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa haka. Baba yana bakin rijiya da masu zaffa. Na wuce wurinsa kai tsaye. Na karɓi gugan da ke hannunsa na zuba a kwanon na miƙa masa. Ya duba. Ya karkata shi wajen rana ya sake dubawa. Ya ja wani gugan da kansa ya zuba, wannan ma ya fi na farko ja. 

"Ba shi yiwuwa," in ji Baba a hankali. "Na tambaye shi. Gabanku ni tambaye shi."

Ya ajiye kwanon ya kama hanyar bayan dutse, muka bi shi. Ruwan lungun ya riga ya ƙafe, sai laka mai jan baki. Tsohon nan ya durƙusa a cikin ƙazantar ya fara tono da hannu. Bai yi zurfi ba ya ci karo da wani abu baƙi, a dunƙule kamar tsohuwar tabarma. Ya ɗago shi ya murza. Ƙaiƙayinsa ne na wancan gwajin, duka, ya ruɓe a nan inda ya zuba shi. A ƙarƙashinsa yashi ne da tsakuwa, da irin sassaƙaƙƙun duwatsun da ya tarar a gindin rijiyarsa. Tsohuwar magudana ce ta bi ta wata tsaga a dutsen, yashi ya cike ta. A gida ruwa cikin kogo yake gudu, rami ne buɗaɗɗe, abin da ka jefa zai fita. A nan yashi ya tace ƙaiƙayin ya riƙe, ya bar ruwan ya wuce da abin da ido ba ya gani. Baba ya yi tambayar gida a ƙasar da ba gida ba. Ya zauna daɓas a lakar, ƙaiƙayin na hannunsa.

"Mai sunana," ya ce. "Da tahin hannuna ni ba shi."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da muka binne Inna. A nan gaban maza na yi kukan da ban yi ba ranar gaisuwa, ba wanda ya ce mini kunya.

Kafin azahar masu zaffa sun dawo hayyacinsu, kuma ba na ganin laifinsu ƙwarai, kowa da bakin da yake ciyarwa. Suka kewaye Baba. Wani ya ce a yi shiru jan zai washe. Wani ya ce a bar ta don wanki kawai. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ma ya sa baki.

"Baba, a yi haƙuri a duba. In anka ruhe ta, mutanen ga bazan za su koma, kuma ka san abin da ka jiransu can."

"Na sani," in ji Baba. "Jan za shi washe, gaskiya na. Amma abin da ya kashe yaro ba shi da launi. In ni bar ta buɗe don wanki, gobe da zahi wani za shi cika garwa shi kai gidan mutane, garwa kuwa ba ta hwaɗin inda anka cika ta. Na yi alkawali gabanku."

Ya ɗauki dutse na farko ya jefa. Ƙarar faɗawarsa cikin ruwan har yau tana kunnena. Ba wanda ya taya shi sai ni da Hala, ita da tsufanta, tana ɗauko ƙanana a gefen zane, ba ta ce mini ai na faɗa ba, ko sau ɗaya. Mahaifinku ya tsaya daga nesa har la'asar, sannan ya ajiye zaffarsa ya zo ya kama. Muka yi kwanaki muna cikawa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya haifi dariyar da na ji a Hindawiyya. Masu zaffa suka koma bazan. Ba a daɗe ba aka yi kame, aka kwashe wasu aka sa su a jirgi aka mayar da su gida, matansu suka rage da yara a hannu. Matan nan sun zo har ƙofar gidanmu sun yi wa Baba Allah ya isa, yana zaune yana ji bai ɗaga kai ba. Jan ruwan kuwa yana ƙarƙashin duwatsu, ba mai iya zuwa ya gani. Waɗanda suka gani da idonsu kaɗan ne, wasunsu ma suna cikin waɗanda aka kwashe. Sai labari ya juya: wai mutuwar jika ce ta taɓa wa tsoho kai, 'yarsa ta zuba rini a kwano ya ɗauka aya ce. Ba zan ce muku ciwo ya bar unguwar ba, talauci yana da ƙofofi da yawa. Amma Hala da bakinta ta gaya mini cewa bayan sel na gaba ta kwana biyu tana jiran aike, ba wanda ya zo.

Baba bai ƙara taɓa diga ba, bai ƙara duban ƙasa in yana tafiya ba. Ya nemi tsohuwar zaffa ya gyara. Mahaifinku ya ce shi zai riƙa kawo ruwan gida, Baba ya ce na gida dai, amma na yarinya nasa ne. Kullum da sassafe tsohon nan, wanda ake ɗaga wa hannu ana ce masa Mai Rijiya, zai taka har bazan, ya bi layi a bayan yaran da ya girme wa iyayensu, ba shi da takarda, yara na binsa suna majnun, majnun, wato mahaukaci. Ya dawo yana tangaɗi, ya juye a wani ɗan tulu da ya ware. Kafin a ba Aminatu sai ya zuba a farin kwanon nan da ya lotse, ya fita da shi rana ya duba. Kafaɗarsa ta yi kanta, ta fashe, ta sake yin kanta. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ɓoye zaffar, ya nemo ta. Haka ya yi har ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, kuma bayan nan bai daɗe ba.

Aminatu ta ajiye alƙalami tana share ido, na ce ta ɗauka, saura kaɗan. Ke da kike rubutun nan, duk ruwan da kika sha har kika yi wayo a kafaɗar mahaukacin nan ya zo. Bashir da sauranku, da ku jikoki masu dariya, da an bar rijiyar nan a buɗe ban san wanda zai rage a cikinku ya yi dariyar ba. Saura abu ɗaya. Tun ranar da aka raɗa wa yaron nan suna ban taɓa furta shi ba, na farko don ɗan fari ne, na biyu don sunan mahaifina ne. Yanzu na tsufa, kunyar ta ishe ni haka, kuma idan na tafi da shi a bakina ba mai sauran sani. Sunan yayanku Usmanu. Sunan kakanku ke nan. Rubuta shi da kyau, Aminatu, yadda za su iya karantawa.